Janareton gidan ruwan leda da na tashar nukiliya: ina suka haɗu, ina suka rabu?

Ɗan'uwanmu mai kula da injinan wani gidan ruwan leda a Daura ya kawo tambaya. Ya ce ya ji a labarai an gano aibi a janareton ko-ta-kwana na wata tashar nukiliya har hukuma ta sa baki, abin kuma ya ɗaure masa kai. A cewarsa inji inji ne, duk gas suke sha, in ya ƙi tashi a kira makaniki, to me ya bambanta nasu da namu har ake wannan hayaniya?

Malam, rabin maganarka gaskiya ce. Da za a buɗe maka injin nasu, abin da ka sani za ka tarar: fistin, kiranshaf, nozul, famfon mai, baƙin mai da ruwan sanyaya. Girma ne ya fi, don irin injin jirgin ruwa ko na jirgin ƙasa ne, guda ɗaya kan ba da megawat da dama. Yawancinsu kuma ba da batir da kik ake tayar da su ba, iska ce ake matsewa a tanki a sakar musu. Daga nan hanya ta rabu.

A wurinka in an ɗauke wuta inji ya ƙi tashi, asarar ledar da ba a cika ba ce da direbobin da ke jiran lodi. A can kuwa, janareton ba gari yake ba wuta ba, tashar yake ba. Da layin waje ya yanke, tukunyar nukiliya kan kashe kanta cikin 'yan daƙiƙoƙi, amma makamashin yuraniyom da ke cikinta ba ya hucewa nan take, kamar tukunyar ƙasa da aka sauke daga murhu tana ci gaba da zaɓalɓala. Zafin da ke saura ya kai kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na wanda take bayarwa tana aiki, bayan awa ɗaya ya sauko wajen kashi 1.5. Ga tukunya mai zafin megawat 3,000, kusan megawat 200 ke nan a farko. Dole famfunan ruwa su ci gaba da juyawa, in ba haka ba ruwan ya ƙafe, makamashin ya narke. Waɗannan famfunan janareton ke ɗauka.

Shi ya sa lokaci ma ba ɗaya ba ne. Naka zai iya jiran yaro ya idar da salla ya zo ya kunna. Nasu a tashoshin Amurka da Turai ana son ya tashi da kansa ya shirya ɗaukar kaya cikin kimanin daƙiƙa 10, don haka dare da rana ana ɗumama masa ruwa da baƙin mai yana zaune. Na Canobil a tsohuwar Tarayyar Sobiyat sai sun ɗauki minti ɗaya ko fiye kafin su kai ƙarfinsu, kuma gwajin yadda za a cike wannan giɓin ne ake yi a daren 26 ga Afrilu 1986 da tukunya ta huɗu ta fashe.

Bambancin da ya fi damuna shi ne yadda aibi ke bayyana. Injinka kullum a bakin aiki yake. In boris ya fara ci kunnenka zai ji, in nozul ya lalace hayaƙi zai gaya maka, in tiyo na ɗiga za ka ga danshi a ƙasa da safe. Nasu yana iya shekaru ba a buƙace shi da gaske ba. Ana tayar da shi sau ɗaya a wata ya yi kamar awa guda, sannan bayan wata 18 zuwa 24 a yi masa dogon gwaji na awa 24. Aibin da ba ya fitowa sai inji ya daɗe da kaya a kansa zai iya kwanciya lamo tsawon wannan lokaci.

Haka aka yi a tashar V.C. Summer da ke jihar Karolina ta Kudu a Amurka. Tun 2003 ake samun tsagewa a bututun man janareton, a gyara wurin a wuce. A Nuwamban 2022, ana cikin dogon gwaji, gas ya fara yoyo yana ƙaruwa. Hukumar da ke sa ido kan nukiliya a Amurka tana auna laifi da launi huɗu, kore, fari, rawaya da ja, daga mafi sauƙi zuwa mafi muni. A 2023 ta fara ba su rawaya, daga baya ta sauko da shi fari. Laifin da ta kama su da shi shi ne sun ga tsagewar tana maimaituwa ba su bi asalinta ba. Mu nan kuwa a ɗaure da roba a ci gaba da aiki, ba mai tambaya.

Sai yawa. Kai ɗaya gare ka, in maigida na da hali biyu. Su kowace tukunya tana da biyu zuwa huɗu, kowanne a ɗakinsa da tankinsa, da man da zai kai kwana 7 a tsarin Amurka. Za ka ce ai shi ke nan, in ɗaya ya ƙi ɗaya zai yi. Hakan na tafiya ne in lalacewar ta inji ɗaya ce. In daga masana'anta aibin ya taho, duka yake kamawa. A watan Agustan 1983, a tashar Shoreham ta jihar Niyok, kiranshaf na janareto ɗaya ya karye gida biyu ana gwaji. Da aka buɗe sauran biyun, su ma an tarar da tsagewa. Kamfani ɗaya ne ya ƙera su, Transamerica Delaval, da zane ɗaya, sai da aka bi wasu tashoshin masu irin injin ana dubawa. A Faransa, a 2017, kamfanin lantarki na EDF ya sanar cewa ƙarafan da ke riƙe da wasu kayan janareto a tukwane 20 masu megawat 1,300 ba za su jure girgizar ƙasa mai ƙarfi ba. Babu abin da ya fashe, babu wanda ya ji ciwo, amma an sa lamarin a mataki na 2 a ma'aunin haɗurran nukiliya na duniya da ke ƙarewa a 7.

Sau da yawa ma injin lafiyarsa lau, ƙaramin abu ne na gefe ke kayar da shi. Ranar 20 ga Maris 1990, a tashar Vogtle ta jihar Jojiya, wata motar mai tana ribas ta bugi ginshiƙin layin da ke shigo da wuta. Janareto ɗaya yana kwance ana masa sabis. Ɗayan ya tashi, ya yi minti ɗaya da 'yan kai ya mutu, aka sake tayarwa ya sake mutuwa. Sai bayan minti 36 aka samu ya tsaya, ruwan tukunyar kuma ya hau daga digiri 32 zuwa 58. Bincike ya ɗora alhakin a kan na'urorin jin zafin ruwa, waɗanda suka kashe inji alhali bai yi zafi ba. A Forsmark ta Suwidin, ranar 25 ga Yuli 2006, wuta ta haɗu a filin rarraba lantarki, bugunta ya kashe biyu daga cikin na'urorin batir huɗu masu aiki irin na inbata, sai janareto biyu cikin huɗu suka kasa haɗuwa da layinsu. Ma'aikata ne suka haɗa da hannu bayan minti ashirin da wani abu. Na'urorin huɗun iri ɗaya ne, babu wani tanadi da ya hana bugun kashe su duka.

Fukushima ta Japan daban take, can wurin da aka ajiye injinan ne matsalar. Ranar 11 ga Maris 2011, bayan girgizar ƙasa, janaretocin sun tashi yadda ake so. Kusan minti 50 bayan nan igiyar teku mai tsayin mita 14 zuwa 15 ta shigo, yawancinsu kuma a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa suke. Cikin 13, 12 suka tafi. Biyu ma ruwa bai kashe su ba, akwatunan rarraba wutarsu ne suka nutse. Guda ɗayan da ya tsira, mai sanyaya da iska a tukunya ta 6, shi ya ceci ta 5 da ta 6. Ta 1 da ta 2 da ta 3 suka narke.

Maganar a kira makaniki kuwa, su ma suna kira, sai dai da agogo a kansu. A Amurka in janareto ɗaya ya kwanta, ƙa'idar asali awa 72 ce, wasu tashoshin an ƙara musu zuwa kwana 14. In ba a gyara ba, a kashe tukunyar ko da lafiyarta ƙalau, kuma dole a kai rahoto. Hayaniyar da ka ji daga nan take.

A gida Najeriya tukunyar da muke da ita ta bincike ce, a cibiyar makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tun 2004, zafinta kimanin kilowat 30 ne kacal, ruwan da take ciki ya ishe ta hucewa. Manyan da aka daɗe ana maganar ginawa a Geregu ta jihar Kogi da Itu ta Akwa Ibom su ne za su dogara da janareto. Ni abin da ke tsaya mini shi ne babban layin wutar ƙasa. A 2024 ya faɗi sau da dama, kuma ba mu manta duhun watan Oktoba na shekarar ba, da Katsina da Daura da yawancin Arewa muka haura mako babu wuta. Duhu irin wannan ya fi ƙarfin tankin kwana 7, sai dai motocin gas su yi ta shigowa. Haka aka yi a tashar nukiliyar Zaforijiya ta Yukiren, mai janareto 20, inda daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Oktoban 2025 tashar ta shafe kusan wata guda a kansu.