Kwalaben agogon nan da ka ce in sayo maka daga Jamus

Ƙanena ya gida, ya su Mama, ya sanyin Jos? Saƙonka ya iso, har da hoton agogon nan mai lambobi cikin kwalba da ka ce sai ka haɗa irin shi ka ajiye a shago. Toh na sayo, amma bari in baka labari tukunna don kada ka yi asarar da na yi.

Sunan kwalaben Nixie. Wani kamfanin Amurka, Burroughs, shi ya fito da su a 1955, amma waɗanda ake samu yanzu a kasuwa yawanci na tsohuwar Tarayyar Sobiyet ne, IN-12 da IN-14, tsohon ajiya ne da ba a taɓa jonawa ba. Iskar niyon ce a ciki, lambobi goma na waya an jera su ɗaya bayan ɗaya, wadda ka ba wuta ita za ta yi ja kamar garwashi. In ka ga lamba 5 ɗinsu ta yi wani iri kada ka ce na sayo maka jabu, 2 ce suka kifa, haka suka ƙera abinsu.

Sayen kaya a nan wallahi hutu ne. Ka shiga shafin Reichelt ko Mouser ka rubuta lambar ay-si, ƴar ƙwaƙwalwar nan mai ƙafafu da yawa da ake liƙawa a fanel, sai ga ta da takardar bayaninta, ƙafa kaza aikinta kaza, wuta kaza take ɗauka, kwana biyu uku mai kawo saƙo ya danna maka ƙararrawa, kuma doka ta ba ka kwana 14 ka mayar da abin da ka saya ta intanet ko da ra'ayi kawai ka canza. Ka tuna yadda muke yawo daga Taminus zuwa Dilimi da ƙonanniyar tiransisto a aljihu ana ce mana "babu ita amma ga ƙanwarta"? Nan babu ƙanwa, ita ɗin za a baka. Amma fa babu wanda zai ɗora maka mita a kai ya gwada a gabanka, babu ciniki, ranar Lahadi shaguna a rufe, in kuwa ka kai rediyo gyara kuɗin aikin awa ɗaya ya sayi sabo. Ogan da ya koya mana aiki da a nan yake da tuni ya gina bene.

Yanzu maganar soket, nan ne na sha kashi. IN-12 ƙafafunta gajeru ne masu tauri, daga cikin gilashin suka fito kai tsaye. Na sayi wasu soket na roba masu araha wajen wani mutum a intanet, ramukan sun matse, na danna da ƙarfi sai na ji ƙas, ko tsagar ban gani ba da ido amma iskar ta fice, kwalba ta mutu murus. Biyu na kashe a haka kafin hankali ya zo min. Wani dattijo a kasuwar gwanjon kayan rediyo shi ya nuna min dabara: ka sayi ƴan ramukan ƙarfen ɗai-ɗai, ka saka su a ƙafafun kwalbar tukunna, sannan ka zaunar da ita a kan fanel ka liƙe da dalma, kaga kowane rami ya bi yadda ƙafarsa take kenan, ba kwalba ce za ta bi rami ba. IN-14 ita wayoyi ne dogaye, liƙewa ake kai tsaye, sai dai ranar da ɗaya ta mutu ka shiga uku wajen cirewa. Shi ya sa IN-12 na zaɓar maka.

Haka ma in ka waiwayi tsohuwar amfilifayar nan mai bawul ta gidan Kawu, ka ƙirga ƙafafu kafin ka ce in nemo soket, akwai mai 8 akwai mai 9 irin na ECC83 da EL84, kuma ka ce na tangaran, don bawul zafi take yi sosai, roba gasuwa take ta saki.

Wuta kuma, kwalbar tana son kamar bolt 170, ka kiyaye hannunka, kafasito yana riƙe wuta ko bayan ka cire. Na haɗa maka da ɗan fanel mai ɗaga 12 zuwa 170, don haka batirin sola ma ya isa, kada ka kuskura ka ɗauko kai tsaye daga NEPA. Kowace kwalba da rizistonta, sai ay-si K155ID1 mai zaɓar lambar da za ta kunna. Akwai zanen da Turawan nan suke yi wanda agogo ke ƙirga lokaci daga bugun wutar gida, 50 a daƙiƙa, kada ka kwaikwaya. Su kansu a 2018 agogunansu sun yi lattin kusan minti 6 saboda rigimar wuta tsakanin Sabiya da Kosobo, ina ga mu da janareta ke tari? DS3231 za ka saka, ay-si ce mai riƙe lokaci da kanta, da ɗan batirinta CR2032, a ɗauke wuta a dawo lokaci na nan daidai. Kuma ka rubuta wa Arduino ɗin, ɗan fanel ɗin da zai sarrafa agogon, ya riƙa zagaya duk lambobin lokaci-lokaci, wadda aka daɗe ba a kunna ba dusashewa take.

Sauran sikirin ɗin da ka lissafo kada ka sa in ɗauko daga nan, yawanci daga Chana suke, na nan ɗin ma. LCD 16x2 da TM1637 ka saya a gida ya fi sauƙi. OLED ƙaramin nan yana da kyau amma in ya daɗe a kan rubutu ɗaya sai ya bar tabo, bai dace da agogon shago ba.

Abin da zan roƙe ka ni kuma, dalma. A nan wadda suke sayar wa irina mara gubar nan ce, sai ayon ya yi zafi sosai take narkewa, ga ta ba sheƙi. Ɗan garin kuza guda ina Turai ina kewar dalma, ka ji abin dariya. Ka ajiye min nadi ɗaya na 60/40, mai kuza kashi 60 da gubar kashi 40, irin wadda muka saba.

Kwalabe shida ne da biyu na ko-ta-kwana, na naɗe su cikin safa, suna jakar hannun mutumin da zai sauka Abuja. Ka yi musu akwatin gilashi kafin ƙurar hunturu ta shigo. A gaida Mama, ka ce mata ina shan kunun.