Ajin ginin kwali na Asabar a Jos: ya cancanci kuɗinsa, sai dai ɗakin ya yi kaɗan

Idan kina Jos kina neman abin da zai raba yaro da waya ranar Asabar, akwai wani aji a bayan wani shagon littattafai wajen Titin Bauchi inda yara ke gini da kwali. Ina kai autana da ɗiyar ƙanwata, kuma har ga Allah ban yi nadamar kuɗina ba.

Kayan aikin ba su da yawa: kwalayen taliya da na sabulu da Malama ke karɓowa daga 'yan kasuwar Terminus, almakashi, rula, gam, salatif, sai wani zarto na roba da ba ya yanka hannu. Reza kuwa tana hannun Malama, ba ta ba kowa.

Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurinta. Autana ya gina gada, ya ɗora motarsa, gadar ta lanƙwashe. Ya ɓata rai ya ce, "Anti, ki gyara mini." Ba ta taɓa gadar ba. Ta yago gefen wani kwali ta nuna masa cikinsa: takarda biyu, a tsakaninsu wata mai tudu da kwari kamar kwanon rufi. Ta ce ya lanƙwasa ta nan, ya sake lanƙwasawa ta can, ya faɗa mata ina ya fi tauri. Da kansa ya gano cewa ƙarfin kwali yana bin tsawon layukan nan, ya juya ginshiƙan suka tsaya a tsaye, gadar ta ɗauki mota har da ƙari. Yanzu duk kwalin da ya shigo gidana sai ya leƙa cikinsa.

Wata rana ta sa mu kai su gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, su ga ɓangaren gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya, aikin shahararren maginin nan Babban Gwani. Da suka dawo, manyan cikinsu suka yi ta fama da yadda za su yi amfani da kwali su fitar da bakan gizo, wato ginin nan mai lanƙwasa da ke riƙe rufin masallacin. Sai da suka tsattsaga bayansa kaɗan-kaɗan kafin ya yarda ya tanƙwaru. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai, domin yayyenmu sun tashi suna ƙera motar kara da ta langa-langa, ga shi yaranmu sun fara rasa wannan hannun. Ko a Amurka, a 2005 sun saka kwali cikin jerin fitattun kayan wasan yara na ƙasarsu.

Inda nake da ƙorafi shi ne ɗakin. Ya yi ƙanƙanta, kuma ana haɗa 'yan shekara biyar da 'yan goma sha biyu, sai manyan su mamaye zarto. Da damina ma, ruwan Jos ba wasa ba, kwalayen da aka jingina a ƙasa suna shan laima su yi laushi. Na yi wa Malama magana ta ce za ta sa kantar ɗora su.

Ki sa wa yaro tsofaffin kaya, don gam ba ya fita da sauƙi, kuma ki je da wuri kafin a cika.