Na'urar awon suga da na saya a farmasi nan Damagaram

Gaskiya tana aiki, ɗigon jini ɗaya a ɗan yatsa sai lamba ta fito, ko minti ba a yi. Mu dai ciwon suga na manya gadon gida ne, baba na da shi, inna ma haka, kuma likita ya ce ba ƙwayar gado ɗaya ba ce, suna da yawa, wata mai suna TCF7L2 na cikinsu, sai ƙiba da zaman wuri ɗaya da shayi mai zaƙi su tada shi. Da safe kafin karin kumallo nake awo, in suga ya kai 1,26 g/L (giram a kowace litar jini) ka nufi asibiti su tabbatar. Matsalar kawai tsinkayen awon da ake ɗiga jinin a kai, tsada wallahi, kuma zafin garin nan na lalata su in ka bar kwalbar a buɗe.