Dafniya ko Moyina: wace ƙumar ruwa ce za ta jure kududdufinmu?

Wani ɗan'uwa daga wajen Ringim ya ce yana da kududdufin da ruwan wanke kejin kaji ke taruwa. Ya ga wani lissafin kwamfuta mai hasashen yawan ƙumar ruwa (wasu ƙananan halittun ruwa da 'ya'yan kifi ke ci) a tafkunan tace ƙazamin ruwa, yana tambaya ko zai iya dogaro da shi ya ciyar da 'ya'yan tarwada.

Malam, kafin a kai ga lissafi, duba wace ƙuma ce a ruwanka.

Yawancin irin wannan lissafin a kan Dafniya aka gina shi, a ƙasashen sanyi. Ita babba ce, wata takan kai milimita 5, kuma ta fi walawa idan zafin ruwa bai wuce digiri 18 zuwa 22 ba. Ke nan a wurinmu sai dai da hunturu, Disamba da Janairu. Da bazara ta kama, sai ta bar maka ƙwai a laka ta ɓace.

Moyina kuwa 'yar gida ce. Ba ta cika wuce milimita 1 ba, daidai bakin ɗan tarwadar da bai daɗe da ƙyanƙyashewa ba. Ruwa mai digiri 30 bai dame ta ba, ƙazanta da ƙarancin iska ma haka. Cikin kwana 4 zuwa 5 ta fara haihuwa, Dafniya kuwa sai ta ɗauki mako ko fiye. Dukkansu ba sa jiran namiji, mata ne ke haifar mata, su tace koren ruwa su cinye. Na taɓa ɗebowa da asuba a kwalba na ɗaga wa haske: ga su jajaye-jajaye suna tsalle kamar an watsa garin barkono. Kwana uku bayan nan ruwan ya yi garau, su kuma babu ko ɗaya. Sun cinye abincinsu ne yunwa ta gama da su.

Wannan faɗuwar lissafi zai iya nuna maka ita, amma fa sai ka ba shi zafin ruwanka da saurin haihuwar Moyina. In ka bar masa alƙaluman Turai, ƙarya zai shirga maka.

Ni dai Moyina zan zaɓa, in riƙa ƙirga na cikin lita ɗaya kowace safiya in rubuta, in kwashe kafin su yi yawa. Ka wanke su da ruwa mai tsabta kafin ka zuba wa kifi. Ruwan da ya biyo ta masana'antun jima irin na Challawa da Sharaɗa kuwa, kada ma ka kusance shi.