Waya ko kyamara: wacce za ka riƙe zuwa Zanzibar?

Malam, tambayarka ita ce za ka yi mako guda a Zanzibar, kana son hotunan wuraren tarihi da na rayuwar mutanen tsibirin, shin wayarka ta isa ko sai ka sayi kyamara. Amsar tana ga irin hoton da kake nema, don haka bari mu bi wuraren mu ga inda kowacce take cin tuwo.

A tsohon gari, wanda mutanen can ke kira Mji Mkongwe kuma UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, waya ce a gaba. Lungunan matsattsu ne, wani ma mota ba ta shiga, benaye sun rufe rana. Kana tsaye gaban ƙofar katako mai sassaƙa da ƙusoshin tagulla, ba ka da wurin ja da baya. Babban gilashin waya yana da faɗi, kwatankwacin milimita 24 zuwa 26, sai ya kwashe ƙofar duka. Sannan lungu duhu, sama haske fau: waya tana ɗaukar hotuna da yawa a ƙyaftawa ɗaya ta haɗe su, kyamara kuwa ko sama ta ƙone fari fat ko lungu ya yi baƙi, sai ka zauna gyara a kwamfuta. Kuskuren masu waya a nan shi ne karkata ta sama, sai ginin ya fito kamar zai faɗi baya. Riƙe ta a miƙe daidai ƙirji, ka yanke ƙasan hoton daga baya.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne mutane. A kasuwar Darajani, mai kifi yana cikin ciniki, ka ɗaga baƙar kyamara mai dogon gilashi, nan take fuska ta canza, ko a ɗaure ko a juya maka baya. Waya ba ta tsorata kowa. Amma da waya da kyamara, izini wajibi ne. Mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, kuma mata da yawa ba sa son a ɗauke su, kamar dai a gida. Yi sallama, ka ce "Naomba kupiga picha", wato ina neman izinin ɗaukar hoto. In an ƙi, ka yi godiya ka wuce. Yara kuma sai da yardar babba.

Inda waya take gazawa shi ne nesa. A dajin Jozani jajayen birai suna kan rassa cikin inuwa, ba sa zama wuri ɗaya. In ka ja hoton da yatsu biyu, galibi wayar yanka hoton kawai take yi ta buɗa shi, gashin birin ya dame kamar fenti. Nan kyamara da gilashi mai kai milimita 200 ko 300 ba ta da abokin karawa: saurin ƙyaftawa 1/500 na daƙiƙa, ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, ya hau har 3200 ba komai. Haka jiragen katako masu ƙyallen kama iska da ke wucewa a Nungwi da faɗuwar rana. Haka kuma Forodhani, dandalin bakin teku na tsohon gari, da dare, inda masu gashin kifi ke aiki cikin hayaƙi da fitilu: tsarin ɗaukar hoton dare na waya yana buƙatar daƙiƙa biyu ko uku ba motsi, hannun mai gashi kuwa ba ya tsayawa, sai ya fito dishi-dishi. Kyamara da gilashin f/1.8, wato mai buɗewa sosai ya sha haske, a saurin ƙyaftawa 1/125 za ta tsayar da shi cak.

A bakin teku kusan kunnen doki ne, lokaci ne ke yanke hukunci. A Paje da Jambiani ruwa kan janye nesa sosai, a lokacin ne mata ke shiga gonakin ciyawar teku. Lokacin janyewar yana jinkirta da kusan minti 50 kullum, don haka duba jadawalin tun da dare. Farin rairayi yana ruɗin kyamara ta rage haske, yashi ya fito toka-toka, sai ka ƙara hasken da +0.7 zuwa +1 a ma'aunin hasken kyamarar. A waya, taɓa fuskar mutumin ka ja alamar rana sama kaɗan. Tsibirin yana kusa da tsakiyar duniya, rana na faɗuwa wajen shida da rabi kuma duhu ba ya jira, ka kasance a wurin tun biyar da rabi.

Sai lalacewa. Ka fito da kyamara daga ɗaki mai sanyin na'ura zuwa iska mai laima, gilashi zai yi gumi ciki da waje. Bar ta a jaka a zuge minti 20 zuwa 30 kafin ka buɗe. Kada ka canza gilashi a bakin ruwa, kuma kada ka goge shi kafin ka hure yashin da ɗan famfon roba, ƙwaya ɗaya ta isa ta karce shi. Ita waya zafi ne abokin gabarta: a rana tsaka tana ɗumama, allo ya dushe, har ta ƙi ɗauka. Kuma alamar IP68, ta jure ruwa, da ruwan daɗi aka gwada ta, ruwan gishiri yana cin ramin caji.

Guzurin mai kyamara: batir biyu, don ɗaya kan yi hoto 300 zuwa 400, da katin memori biyu masu giga 64 maimakon babba guda. Mai waya: fawa banki mai ƙarfin 10,000 mAh da sarari aƙalla giga 20. Batura a jakar hannu ake shiga jirgi da su. Soket ɗin Zanzibar mai baki uku ne irin na Najeriya.

Shawarata, in tafiyar ta rage ƙasa da wata guda kuma ba ka taɓa riƙe kyamara ba, tafi da wayarka, ka haƙura da hoton birai na kusa. In kana da wata biyu kuma birai da jiragen nan ne suka ja ka, nemi kyamara ta hannu mai gilashi biyu, milimita 18-55 da 55-200, ka yi ta gwaji a kasuwar garinku da yamma har yatsunka su san maɓallan ba tare da ka duba ba.