Injin fetur na asali ko 200Tdi: wanne ya dace da tsohuwar Land Rover ta soja?

Malam, na ga tambayarka tun shekaranjiya, na bari sai na samu zama domin ba amsar layi biyu ba ce. Ga waɗanda ba su gani ba: ɗan'uwanmu ya sayi Land Rover Series III doguwa, mai tazarar inci 109 tsakanin tayoyin gaba da na baya, tsohuwar motar soja da aka yi gwanjonta. Tana kafe a gidansa, injin yana tashi amma yana hayaƙi, wutarta kuma ta volt 24 ce. So yake ya tayar da ita da hannunsa don zuwa gonarsa mai nisan kilomita 40 da kwaso amfani. Wasu sun ce ya gyara injinta na asali, wasu sun ce ya sauke shi ya ɗora 200Tdi na dizal. Ni na yi duka biyun a jikin mota ɗaya, don haka abin da na gani zan faɗa.

Injin da ke cikinta mai silinda huɗu ne, cc 2,286, wanda ake kira 2.25. Ƙarfinsa doki 70 da ɗan wani abu. Bulok ɗinsa da kansa duk zubin ƙarfe ne, taimin ɗinsa sarƙa ce. Shi kuwa 200Tdi ya fito ne a 1989 cikin Land Rover Discovery, ya shiga Land Rover Defender a 1990. Girmansa cc 2,495, yana da tobo, yana ba da doki 111 a Discovery, 107 a Defender. Inda suka fi nisa da juna shi ne ƙarfin murɗa, wanda ake aunawa da Nm: na fetur bai wuce Nm 160 da kaɗan ba, na dizal ya haura 250. Idan a takarda za a yanke hukunci, an gama magana. Sai dai motar da za a ɗora wa injin an ƙera ta ne tsakanin 1971 da 1985, kuma ba a auna ta da irin wannan ƙarfi ba.

Ta fuskar aiki a gida, 2.25 ya yi wa ɗan'uwansa nisa. Hayaƙin nan da kake gani galibi ringi ne suka cinye, ko robobin bawul sun bushe. Ka auna matsin kowace silinda kafin ka kwance komai. Idan bulok ya buɗe, masu injin gyaran ƙarfe za su faɗaɗa shi a sa fistan mai girma, sauran aikin kuwa sifana ce da haƙuri. Tun da kan injin ya riga ya sauka, a sa masa mazaunin bawul mai tauri, domin an yi shi ne a zamanin fetur mai dalma, na yanzu kuwa babu ita. Kafiretarsa Zenith ce, kuma tana da halinta: jikinta yakan ɗan lanƙwashe, mai ya riƙa zurarewa, mota ta yi ta sha kamar raƙumi. Tawa na raba ta biyu, na shimfiɗa takardar yashi a kan gilashin taga, na yi ta goga fuskar a hankali ina dubawa, har wurin da ya yi duhu ya koma fari sol daga gefe zuwa gefe. Wuni guda ya ci, ko sisi ban kashe ba sai kuɗin gasket.

Ɗora Tdi kuwa masu ba da shawara sukan ce "ai yana zama daidai". Gaskiya ne gidan kulocinsa yana haɗuwa da giyar Series da ɗan gyara kaɗan, don dangi ɗaya ne. Abin da ba sa faɗa shi ne sauran. Injin da ake samu a kasuwa yawanci na Discovery ne, tobonsa yana ƙasa, kuma a doguwar mota irin taka yana tokarar shasi. Ko a juya shi, ko a nemo mazaunin tobo na Defender mai hawa sama, ko a cire tobon ɗungurungum a haƙura da wani ɓangare na ƙarfin da aka sayi injin dominsa. Bayan haka akwai salansa sabuwa, wurin lagireto da na sanyaya iskar tobo, bututun mayar da mai tanki, da wanke tankunan nan biyu na ƙarƙashin kujeru. Mai walda zai zama ɗan gida. Kuma duk injin da ka saya a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo, ka sani ya haura shekara 30 a duniya. Ka canza taimin bel ɗinsa kafin ka tayar da shi, ko da mai kayan ya rantse sabo ne, domin in ya tsinke yana tafiya, sandunan bawul ne za su lanƙwashe. Kansa kuma alminiyam ne; ya yi zafi sau ɗaya da kyau a watan Afrilu, ya karkace. Na fetur yakan tafasa, a tsaya a inuwa ya huce, a zuba ruwa a wuce.

Batun volt 24 kada ya ruɗe ka, ba ya cikin abin da zai raba gardama. Irin taka ita ce sojan Ingila ke kira FFR, wato wadda aka shirya don ɗaukar rediyon sadarwa, shi ya sa fulogoginta da wayoyinsu suke lulluɓe da ƙarfe. Samunsu a nan wuya ne. Ko wane inji ka zaɓa, sai ka mayar da ita volt 12, riwaya zai ci kuɗinsa.

Inda Tdi ya yi nasara ba tare da musu ba shi ne shan mai. A lissafina, 2.25 da aka saita da kyau yana ba ni kilomita 5 zuwa 6 a lita, dizal ɗin kuwa wajen 10. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan ba ƙaramar magana ba ce. To amma ɗauki biro. Gona sau biyu a mako, zuwa da dawowa, kilomita 160 ke nan. Fetur kamar lita 30, dizal kamar 16. Rarar lita 14 a mako, kuma litar dizal ta saba fin ta fetur tsada. Tara kuɗin injin da walda da salansa da lagireto, ka raba da wannan rarar, ka ga shekara nawa za ta yi kafin ta biya kanta. Wanda ke Kano zuwa Maiduguri kowane wata, lissafinsa daban ne.

Sai giya, wadda ita ce ta koya mini hankali. Bayan na ɗora Tdi na yi kusan shekara ina jin daɗi, mota tana hawa tudu da buhu goma sha biyar ba ta ko nishi. Ran nan cikin damina, na fito daga wani rafi da lodi, na ja liba mai jan kai, wato ta giyar ƙarfi, na taka a giya ta biyu. Sai na ji ƙas, kamar an karya rake a ƙarƙashin kujera. Inji yana ta kuka, mota tana tsaye, ruwa yana bin taya. Da muka buɗe giyabos, sandar ciki ta rabe biyu, haƙoran giya a kwance cikin mai kamar tsakuwa. Giyar Series III ba a yi ta don ƙarfin murɗar nan ba. Tana iya ɗauka idan ƙafarka tana da ladabi, tawa ba ta da shi. Abin da zai yi maka daɗi shi ne aksul ɗin baya na 109 galibi ƙaƙƙarfan nan ne da ake kira Salisbury, shi ba ya jin komai. A kan kwalta kuma difiranshal ɗinta 4.7 ne, wato gajere ƙwarai, inji yana juyawa da yawa a kan gudu kaɗan, da ka kai gudun kilomita 80 a awa dizal ɗin zai cika maka kunne, sai ka nemo obadirayib na Fairey, wato ƙarin giyar gudu, wani kuɗin ke nan. Birki kuwa ganga ce mai inci 11 gaba da baya. Ƙarin gudu a kanta sai an yi tunani.

Da ni ne kai, 2.25 zan gyara. Kuɗin da za su tafi wajen Tdi in zuba su a shasi da birki da sifirin. Bodin alminiyam ne, ba ya tsatsa, shi ya sa yake yaudarar mai saye, amma shasin da bangon da ke tsakanin inji da direba ƙarfe ne. Shiga ƙarƙashinta da guduma, ka bi ƙarfen ƙarshe na baya da kunnuwan da sifirin ke rataye. Inda ya yi ƙara tas, lafiya. Inda ya yi buf, tsatsa ta zubo maka a fuska kamar garin ɗanwake, nan aikin farko yake. Kuma kafin ka fitar da ita titi ka sauya mata fenti, doka ta hana farar hula hawa mota mai koren soja. Takardun gwanjon ma su riƙa zama a cikin mota.

Ka turo mana hoton gefen injin ta ɓangaren bulok. Idan akwai jijiyoyin ƙarfe da suka gitta a jikinsa, mai biyarin biyar ne, irin wanda aka fara yi wajen 1980, ya fi mai uku ƙwari. Ka haɗa da hoton ƙarfen baya na shasin, da abin da kowace silinda ta nuna a ma'auni.