Kafin Ka Sayi Keken Guragu

Kafin ka tambayi farashi, fita ka dubi hanyar ƙofar gidanku. Kwalta ce, ko yashi da kwata? Daga nan zaɓin yake farawa.

Keken asibiti mai naɗewa shi aka fi saya, domin yana shiga adaidaita sahu, yana kuma wuce ƙofar ɗaki. Sai dai don siminti aka yi shi. Ƙananan tayoyinsa na gaba da sun taɓa yashi sai su nutse, sai an nemo mai turawa. Wanda kuwa kullum yake jiran a tura shi, keken bai raba shi da dogaro da mutane ba.

Mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, wanda masu walda ke ƙerawa a Kano da sauran garuruwanmu, shi na fi so ga mai ƙarfin hannu, musamman wanda shan inna ta taɓa wa ƙafa. Wani maƙwabcinmu da shi yake zuwa kasuwa, ya ɗaure kwalin kayansa a baya. Ranar da sarƙar ta tsinke, mai gyaran keken bakin layi ne ya haɗa masa ita kafin la'asar, tunda kayan keken hawa ne a jiki. Aibinsa tsawo: ba ya juyawa a ɗaki, balle banɗaki.

Mai batir rahama ne ga wanda hannunsa ma ba ƙarfi. Amma akwai tsada da nauyi, cajinsa na cin awoyi. In ba ku da tsayayyiyar wuta ko sola, a yi tunani sosai, a kuma tambayi mai sayarwa inda ake samun batirinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne matashin zama. Mai rauni a laka ba ya jin zafin zama, sai gyambo ya buɗe a mazaunai kafin a ankara, kuma gyambon nan yana kisa. Shi ya sa tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar cewa a auna mutum, a daidaita masa keken, a koya masa amfani da shi. Ku kai mai buƙatar keken wurin likitan gashin ƙashi, kamar a Asibitin Ƙashi na Dala, a auna faɗin ƙugunsa da tsawon cinyarsa, sannan ku shiga kasuwa da takardar awon a hannu.